Kowa Ya Ci Zomo Ya Ci Gudu: Abubuwan Mamaki Tsakanin Mai Ci da Wanda Ake Ci

Tunda kullum zaki na cin barewa, me ya hana barewa ƙarewa? In kuwa barewa ta fi shi gudu, me ya hana yunwa gamawa da zaki? Tambaya ce irin ta yara, amma ta haura shekara ɗari tana ci wa masana tuwo a ƙwarya. Da fari sun ɗauka maganar yawa ce kawai: abinci ya yalwata, masu ci su ƙaru, masu ci su yi yawa, abinci ya ragu, su ma su bi shi. Daga baya aka lura cewa dabbobin su kansu ba sa tsayawa yadda suke. Wanda ya tsira shi ke haihuwa, 'ya'yansa kuma su gaji abin da ya tsirar da shi, ko ƙafa ce, ko dafi, ko launi. Wannan sauyi na gado daga zuriya zuwa zuriya shi ake kira juyin halitta, kuma makiyayin da ke zaɓen bijimin da zai bari a garke ya daɗe da sanin aikinsa. Abin da ba a zata ba shi ne saurinsa. Wani lokaci cikin 'yan makonni yake faruwa, har ya juya lissafin yawan dabbobin gaba ɗaya. Ga kaɗan daga abin da aka gani.

Yaƙi ya yi wa kifin shak rana

Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya masunta sun rage fita Tekun Adiriyatik, gabas da Italiya. Da ƙura ta lafa, wani masanin halittun ruwa mai suna Umberto D'Ancona ya bi bayanan kasuwannin kifi, sai ya ga abin da ya ɗaure masa kai. A kasuwar Fiume, kifaye masu farauta irin su shak sun tashi daga kusan kashi 12 cikin 100 na abin da ake kamawa a 1914 zuwa kusan kashi 36 a 1918. An ɗaga wa kowa ƙafa, amma mafarauta ne suka ci ribar hutun. Ya kai maganar gaban Vito Volterra, babban masanin lissafi wanda ya zama surukinsa, shi kuma a 1926 ya fitar da lissafin hawa da saukar mai ci da abin cinsa. A Amurka Alfred Lotka ya riga shi da shekara guda, ba tare da sun haɗa baki ba.

Lissafin ya zo da gargaɗi: in aka kashe mai ci da wanda ake ci ba zaɓe, wanda ake ci ne zai fi yawa daga baya. Manoman lemu a Kalifoniya sun ga haka da idonsu. Tun 1889 wani ɗan ƙwaro da aka kawo daga Ostareliya yake tsare musu gonaki daga ƙwarin da ke tsotse itatuwa. Da aka fara fesa maganin ƙwari na DDT a shekarun 1940, mai gadin ya mutu, ɓarnar ta dawo.

Littafin 'yan kasuwar fata

Kamfanin Hudson's Bay, wanda aka kafa a 1670, fata yake saye a Kanada, ba ruwansa da kimiyya. Amma magatakardansa sun rubuta yawan fatun da ake kawo musu shekara bayan shekara, kuma a 1942 Charles Elton da Mary Nicholson suka nuna daga waɗannan littattafai cewa yawan wata kyanwar daji da ake kira links yana hawa ya sauka kusan duk shekara goma. Abincinta shi ne zomon ƙasar ƙanƙara, wanda gashinsa ke komawa fari fat da hunturu. Zomo ya yi yawa, bayan shekara ɗaya ko biyu kyanwa ta yi yawa. Zomo ya faɗi, ita ma ta faɗi.

To wa ke jan wani? Charles Krebs da abokan aikinsa sun gwada a yankin Kluane na Yukon. Sun kewaye wani fili da shingen lantarki don hana mafarauta shiga, zomaye suka ninka biyu. A wani filin suka zuba abinci, zomaye suka ninka uku. Inda aka haɗa shinge da abinci kuwa, ninki 11 aka samu, kamar yadda suka bayyana a 1995. Ashe yunwa da mafarauci hannu suke haɗawa: zomo mai jin yunwa dole ya fito fili, mai tsoron fitowa kuma ba ya ƙoshi.

Akwai abin da ya fi wannan ban mamaki. Bayan mafarauta sun ragu, abinci kuma ya dawo, zomaye kan ɗauki wasu shekaru ba su farfaɗo ba. Da aka auna, sai aka ga zomanyar da ta rayu cikin firgici tana haihuwa kaɗan, 'ya'yan ƙanana, kuma suna zuwa duniya da alamar firgicin uwar a jikinsu. Mafarauci ya tafi, tsoronsa na nan yana aiki.

Lemu, basilin da fanka

A 1934 wani matashin masani a Mosko, Georgy Gause, ya haɗa wasu mitsitsin halittun ruwa biyu a kwalba, ɗaya na cin ɗaya. Mai ci ya cinye ɗan'uwansa tas, sannan yunwa ta kashe shi. Da ya sa laka a ƙasan kwalbar don a samu maɓoya, abin farautar ya tsira, mafaraucin ya mutu. Ko ta ina zaman bai ɗore ba.

Carl Huffaker na Jami'ar Kalifoniya ya ɗauki matsalar a 1958, da kayan aikin da za ka rantse wasan yara ne. Ya jera lemu a kan faranti, ya saki wasu ƙananan ƙwari dangin kaska masu cin lemu, da wasu masu cin su. A jeri mai sauƙi, labarin Gause ne ya maimaitu. Sai ya shirya lemu 120, ya shafa basilin tsakaninsu don ya rage wa masu farauta sauri, ya kafa 'yan tsinkaye, ya kunna fanka. Masu cin lemu suna iya hawa tsinke su saki zare iska ta ɗauke su zuwa wani lemun, abin da mafarautan ba sa iyawa. Nan fa aka samu hawa da sauka har sau uku kafin abin ya rushe. Kafin mafarauci ya gama da lemu ɗaya, an riga an kafa sabon gida a wani.

Kwalbar da lissafi ya ƙi fita

A Jami'ar Cornell ta Amurka, Takehito Yoshida da abokansa sun yi kiwon gansakuka mai ƙwayar halitta ɗaya tare da wata mitsitsiyar dabbar ruwa da ke cin ta, rotifa. Idan gansakukar iri ɗaya ce tak, komai na tafiya yadda Volterra ya faɗa. Idan iri-iri ce, sai zagayen ya yi tsawo, kuma daidai lokacin da mai ci ya kai ƙololuwa abin cin yana can ƙasa, akasin juna ƙiri-ƙiri. Dalilin, kamar yadda suka wallafa a 2003, shi ne akwai gansakuka mai daɗin ci mai saurin hayayyafa, akwai mai wuyar narkewa amma mai nawar girma. Rotifa ta yi yawa, mai wuyar ci ta mamaye kwalba, rotifa ta rame. Rotifa ta ragu, mai saurin girma ta ƙwace wuri. Duk cikin makonni.

Daga baya ma sun ga yanayin da yawan rotifa ke hawa da sauka alhali jimillar gansakuka ba ta motsa ba, domin iri biyun musayar wuri kawai suke yi. Mai ƙirga yawa kaɗai zai rantse babu abin da ya haɗa su. A ganina a wannan 'yar kwalba aka fi kama bakin zaren: kariya tana da tsada, shi ya sa ba kowa ke ɗaukar ta kullum ba, shi ya sa kuma mafarauci ba ya rasa na ci har abada.

Kifi bahago

A Tafkin Tanganyika akwai wani kifi da ke rayuwa da yagar ɓawon jikin wasu kifaye. Bakin wasu ya karkata dama, suna kai hari ta gefen hagu. Na wasu ya karkata hagu, suna zuwa ta dama. Michio Hori, ɗan Japan, ya bayyana a 1993 cewa duk ɓangaren da ya yi yawa, waɗanda ake yaga sai su fi lura da gefen da yake zuwa, ɓangaren da ya yi ƙaranci ya samu ƙoshi ya hayayyafa. Kusan duk shekara biyar rinjaye na zagayowa, ba wanda ke yin nisa da rabi da rabi.

Dafin da ya wuce misali

A 1979 Richard Dawkins da John Krebs suka ce tseren zomo da dila ba na adalci ba ne, domin zomo gudun ceton rai yake yi, dila kuwa na neman kalaci. Dilan da ya sha kaye zai sake gwadawa gobe, zomon da ya sha kaye ba shi da gobe. Don haka matsin sauyawa ya fi nauyi a kan wanda ake ci.

Amma idan abincin ne ke iya kashe mai ci fa? A yammacin Amurka ta Arewa akwai wata halitta mai siffar ƙadangare, dangin kwaɗo, da ake kira niwut. A wasu wurare dafin da ke fatar guda ɗaya ya isa ya kashe manyan mutane da dama, kuma a 1979 wani mutum a jihar Oregon ya haɗiye ɗaya don nuna bajinta, ya mutu. Me ɗan abin nan zai yi da dafi haka? Edmund Brodie da ɗansa, shi ma Edmund, sun shafe shekaru suna bin amsar. Akwai wani maciji da ke cin ta, jikinsa na jure dafin tun daga gado. Inda dafi ya yi ƙarfi, juriyar maciji ta yi ƙarfi. Inda niwut ba ta da dafin kirki, kamar Tsibirin Vancouver, macijin ma ba shi da juriyar kirki. A wasu wuraren an ga macizan da suka fi juriya sun fi nawar jan ciki, abin da zai iya sa tsuntsu ya same su a arha.

Gyaren da ya yi shiru

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A tsibirin Kauai na Hawai, namijin gyare na kuka da dare don ya kira mace, amma wani ƙuda da ya shigo daga nahiyar Amurka yana bin kukan, ya sauke masa tsutsotsi, su huda jikinsa su cinye shi daga ciki cikin kusan mako guda. Marlene Zuk, wadda ke bibiyar su tun 1991, ta ga suna raguwa har ta kai kukan guda ɗaya kawai ta ji a 2001. Da ta koma a 2003, ga gyare ko'ina amma tsit. Wani sauyi a fuffuke ya shafe abin da ke fitar da sauti, kuma cikin ƙasa da zuriya 20 ya kama fiye da kashi 90 cikin 100 na mazan. Bebayen kan laɓe kusa da 'yan tsirarun da ke kuka, su tare matan da suka amsa kira. Masu kuka na mutuwa, marasa kuka na aure da muryarsu.

Gofi a sama da ƙasan gangara

A ƙoramun Tirinidad, magangarar ruwa kan raba manyan kifaye masu farauta da saman rafi. John Endler ya kwashe ƙananan kifayen gofi daga ƙasa, inda ake cin su, ya kai su sama a 1976. Cikin shekara biyu mazan suka ƙara ado da launi, tunda mata na son mai ƙyalli kuma babu mai hango shi ya cafke. David Reznick ya ci gaba da bin su: bayan shekara 11 sun koma balaga a makare, da jiki babba, suna haihuwa kaɗan amma manya. Binciken da ya biyo baya ya nuna sauyin ba ya farawa sai gofin sun cika rafi abinci ya yi wuya. Wato rashin mafarauci ya kawo cunkoso, cunkoson ya sauya rafi, rafin kuma ya sauya kifin.

A fito gaba ɗaya

Ƙwarin sikada na gabashin Amurka kan zauna a ƙarƙashin ƙasa shekara 13 ko 17, sannan su fito lokaci guda, miliyoyi a ɗan fili. Tsuntsaye su ci har su gaji, saura su hayayyafa. Babu tsuntsun da zai iya jiran abincin da sai bayan shekara 17 yake zuwa. A 2024 wasu rukuni biyu, na 13 da na 17, suka fito tare, karon farko tun 1803.

Dabbar nan dangin kanki ta Serengeti a Tanzaniya, wadda Suwahilawa ke kira nyumbu, ita ma haka take yi: takan haifi 'yan maruƙa wajen rabin miliyan cikin makonni biyu zuwa uku, galibi a watan Fabrairu. Kuma ba zaki ne ya daɗe yana danne ta ba. Ciwon bushiya ne, wanda ya shigo Afirka ta Eritiriya a 1887, ya iso ƙasashenmu farkon shekarun 1890 ya share garken Fulani. Da aka yi wa shanun kewayen Serengeti rigakafi, nyumbu ta tashi daga kusan 250,000 a farkon shekarun 1960 zuwa sama da miliyan ɗaya cikin ƙasa da shekara ashirin. Zakuna da kuraye suka ƙaru, gobarar daji ta ragu saboda an cinye ciyawa, itatuwa suka dawo. Anthony Sinclair ya kuma nuna a 2003 cewa a can, dabbar da ba ta kai kilo 150 ba yawanci a bakin mafarauci take ƙarewa, wadda ta fi haka kuwa abinci ne ke iyakance ta.

Baƙon da ba a sani ba

Giwan ruwa da ake alfahari da kamawa a Argungu yana zaune da sauran kifayen Kogin Neja da Tafkin Chadi tun fil azal, ba wanda ya ƙare. A shekarun 1950 aka sake shi a Tafkin Biktoriya. Da ya bunƙasa a shekarun 1980, kusan iri 200 daga cikin fiye da 500 na ƙananan kifayen da babu su ko'ina sai can suka ɓace, gurɓacewar ruwa ma ta taimaka. Ba su taɓa sanin mafarauci irinsa ba. Da masunta suka rage shi, wasu irin suka sake ɓullowa, ɗaya ma da ƙaramin kai da gaɓar numfashi mafi faɗi fiye da ta kakanninsa.

A tsibirin Guam, wani maciji da ya biyo kayan sojoji bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya kawar da iri 10 cikin 12 na tsuntsayen daji. Da damina yanar gizo-gizo a can ta kai ninki 40 na maƙwabtan tsibirai. Har ta kai ana jefa matattun ɓeraye masu ɗauke da farasitamol daga jirgi mai saukar ungulu, domin maganin guba ne ga macijin.

A Ostareliya kuwa abinci ne ya zo ya kashe masu ci. An kawo kwaɗi 102 masu dafi daga Hawai a 1935 don su cinye ƙwarin rake. Ba su yi aikin ba, sai kisan macizai da guza. Ben Phillips da Rick Shine sun nuna a 2004 cewa wasu irin macizai guda biyu sun koma ƙananan kai a yankunan da kwaɗon ya daɗe, saboda mai babban baki shi ke iya haɗiye babban kwaɗo ya mutu. Kwaɗin da ke kan gaba a mamayar su ma ƙafafunsu sun ƙara tsawo, tafiyar da ke cin kilomita 10 a shekara ta koma wajen 50.

An je Faraguwai neman maƙiyi

A 1973 aka fara ganin wani farin ƙwaro a gonakin rogo na yankin Kwango, ya bazu har Najeriya, wani wurin yana cinye kashi 80 cikin 100 na amfani. Ya baro maƙiyansa a Kudancin Amurka. Aka bi sawunsa har Faraguwai, aka samo wani mitsitsin zanzaro da ke saka ƙwai a jikinsa, kuma Hans Herren na cibiyar binciken noma ta IITA ya fara sakin sa a Ibadan a 1981. Ƙwaron bai ƙare ba, zanzaron ma bai ƙare ba; sun koma zaman da suka saba, a matakin da manomi zai iya ɗauka. Herren ya karɓi kyautar abinci ta duniya a 1995.

Tsibirai biyu

A 1944 aka saki barewar ƙanƙara 29 a Tsibirin St. Matthew na Alaska, inda babu mai cin su. A 1963 sun kai 6,000, sun cinye abin da ke ƙasa, sai ga hunturu mai tsanani. A 1966, 42 suka rage.

Shi kuwa tsibirin Isle Royale, cikin Tafkin Superior, yana da mafarauta: kyarketan ƙasar sanyi da suka tsallako kan ƙanƙara a ƙarshen shekarun 1940, suna cin wata ƙatuwar barewa da ake kira mus. Tun 1958 ake ƙirga su. An yi tsammanin daidaito mai kyau, sai aka ga cutar karnuka ta rage kyarketai daga 50 a 1980 zuwa 14 a 1982, mus kuma ta haura 2,000 kafin ta rufto zuwa kusan 500 bayan mugun hunturun 1996. Auren dangi ya jawo wa kyarketan lahani a ƙashin baya. Wani baƙon namiji da ya tsallako a 1997 ya sabunta jini, amma ya mamaye haihuwa har kowa ya sake zama ɗan'uwan kowa. A 2016 biyu suka rage, uba da 'yarsa, waɗanda kuma uwarsu ɗaya. Sai da aka shigo da 19 tsakanin 2018 da 2019.

Mafaraucin da ke zaɓen manya

Zaki kan ɗauki yaro, tsoho da gurgu. Mutum kuwa babba mai lafiya yake nema, kuma abin farautarsa na sauyawa daidai da haka. A gaɓar Newfoundland ta Kanada, kifin kod ya koma balaga da wuri da ƙaramin jiki tun kafin ya rushe, aka rufe kamun a 1992, mutane wajen 30,000 suka rasa aiki. Sai a 2024 aka sake buɗe shi ga 'yan kasuwa.

A gandun Gorongosa na Mozambik, yaƙin basasa na 1977 zuwa 1992 ya ci kusan kashi 90 cikin 100 na giwaye, ana sayar da haure a sayi makamai. Kafin yaƙin, ƙasa da kashi 20 cikin 100 na matan giwa ne ba su da haure; cikin waɗanda suka tsira, rabi ne. Shane Campbell-Staton da abokansa sun nuna a 2021 cewa gado ne da ke bi ta wajen uwa, kuma alamu sun nuna ɗan tayi namiji da ya gaje shi ba ya rayuwa. Shi ya sa kashi biyu cikin uku na 'ya'yan giwa marar haure mata ne.